Iskar hadari a birnin Maradi: abin da idona ya gani



Idan hadari ya haɗo daga gabas, mu mutanen karkara murna muke yi. Mai gona ya ɗauko irinsa. Mai garke ya san ɗanyar ciyawa ta kusa. Amma hadarin nan da muke jira yana da wani hali, wanda ba a ganinsa sosai sai a birni. A watan Yuni na je Maradi, na yi kwana uku. A can iska ta same ni. Ga abin da idona ya gani, ga kuma abin da na tambayo.

Shiga birni

Na shiga Maradi ran Litinin, ranar kasuwa. Na je sayen kwanon rufi ne, wato tol, don ɗakin da na gina da rani. Na sauka a tasha da hantsi. Ƙanena, wanda yake aikin ɗinki a birnin, ya zo ya ɗauke ni a kan babur.

Wanda ya daɗe bai zo Maradi ba, abu biyu zai fara lura da su. Na farko, rufin kwano. Duk inda ka duba yana ƙyalli: gidaje, shaguna, makarantu, rumfunan kasuwa. Na biyu, wayoyi. Poto bayan poto a bakin kowace hanya, wayoyin wutar lantarki sun bi ta kansu kamar saƙar gizo. Mutanen birni suna ce wa wutar nan kuran.

Da ita keken ɗinkin ƙanena yake aiki. Da ita injin niƙa yake juyawa. Da ita mai walda yake haɗa ƙofa, mai ruwan sanyi yake samun ƙanƙara. Da ita ake tura ruwa daga rijiyoyi zuwa shato, daga shato ya gangaro zuwa pampo. Mutumin ƙauye yana dogara ga rijiya da turmi. Mutumin birni yana dogara ga waya.

Maradi ba a kan tudun nan take ba tun asali. Tsohon garin yana ƙasa, a fadamar Gulbi. A shekarar 1945 ruwa ya ci shi, aka tashi aka hau tudu. Tudun ya raba garin da ambaliyar Gulbi. Amma tudu ba ya raba kowa da iska.

Hadari ya haɗo

Ranar an yi zafi mai tsanani. Ko ganye ba ya motsi. Bayan la'asar muna zaune a shagon ƙanena, sai wani dattijo mai sayar da goro ya ɗaga kai ya dubi gabas. Ya ce: "Yara, ku tattara kayanku."

Na leƙa. Wani jan bango ya taso daga ƙasa, kamar an gina katanga daga arewa har kudu. A bayansa baƙin hadari ne, walƙiya tana wasa a cikinsa. Nan da nan kasuwa ta watse. Masu kabu-kabu suna gudu, mata suna kiran ƴaƴansu, masu tebur suna kwasar kaya.

Sai wata iska mai sanyi ta bugo. Kafin a ƙirga goma ƙura ta rufe gari. La'asar ta koma dare. Leda, kwali, tabarma, kwando, duk suna sama. Ƙwan fitilar shagon ya lumshe sau biyu, ya mutu. Keken ɗinki ya tsaya da allura a cikin yadi.

Ƙanena ya ce: "Yaya, kama mini mu rufe ƙofa!" Mu biyu muka danne ta, da ƙyar sakata ta shiga.

A ƙauye kukan hadari kukan itatuwa ne da na jinka. A birni kukan ƙarfe ne. Kwano yana kaɗawa a kanmu kamar ana dukan ganga. Daga nesa muna jin wani yana yagewa, ya tashi, ya faɗi da ƙara. Wata yarinya mai tallar gyaɗa da ta fake a shagon tana ta kuka, tana kiran uwarta.

Iskar ba ta wuce rabin awa ba. Daga nan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ƙura ta kwanta, gari ya yi sanyi.

Da ruwa ya tsagaita muka kama hanyar gida a ƙasa, muna tura babur. Gari ya yi duhu ƙirin. Ba a ganin komai sai hasken salula a hannun mutane. Can nesa ana jin ƙarar injin gurup na masu hali. Na ga wani kududdufi, na nufi in ratsa shi kamar yadda nake yi a gida. Ƙanena ya riƙe mini riga. Ya ce: "Yaya, a birni ba a taka ruwan da ba a ga ƙasansa ba. Ta yiwu waya tana kwance a ciki." Muka zagaya.

Daga ina iskar take fitowa?

A daren nan zafi ya tafi, amma barci bai zo da wuri ba. Muka zauna a ƙofar gida tare da maƙwabcin ƙanena, wani malamin makaranta. Na tambaye shi asalin wannan iska. Ga bayanin da ya yi mini.

Hadarin damana irin wannan ba girgije ɗaya ba ne. Gizagizai ne masu yawa da suka yi sahu daga arewa zuwa kudu. Tsawon sahun yana iya kai kilomita ɗaruruwa. Sau da yawa yana farawa ne a kan tuddai, kamar duwatsun Abzin ko tudun Jos a Nijeriya. A can zafin rana yake tura iska mai laima zuwa sama, ta zama girgije. Daga nan sahun ya kama hanyar yamma. Yana tafiya kamar mota, kimanin kilomita 50 zuwa 60 a awa ɗaya. Hadarin da ya bugi Damagaram da la'asar yana iya iso Maradi wajen isha'i.

To, me ya sa iska take riga ruwa zuwa? Ruwan da yake faɗowa daga girgije yana ratsa busasshiyar iska. Wani sashensa yana bushewa tun bai kai ƙasa ba. Bushewar nan tana sanyaya iskar, kamar yadda tulu mai gumi yake sanyaya ruwan cikinsa. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Sai ta faɗo ƙasa da ƙarfi, ta bazu, kamar an juye guga a kan daɓe. Ita ce take gudu a gaban hadari. Ita ce take kwasar ƙura ta yi jan bango. Shi ya sa muke jin sanyi kafin ruwa ya sauka.

A watan Mayu da Yuni abin ya fi tsanani, don ƙasa a bushe take, gonaki tsirara suke. Gudun iskar yana iya wuce kilomita 100 a awa. Ran 4 ga watan Mayu na shekarar 2020, cikin azumi, irin wannan bango ya rufe birnin Yamai da rana. Sama ta yi ja wur, sannan ta yi duhu. Hotunan wannan rana sun zagaya duniya.

Malamin ya ƙara mini da wani lissafi. Idan gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin da take tura bango da shi yana ninkawa sau 4. Idan ya ninka sau 3, ƙarfin yana ninkawa sau 9. Don haka ɗakin da ya tsaya wa iskar hunturu shekara da shekaru yana iya faɗuwa a cikin minti biyar na iskar hadari.

Na ce: "Malam, ashe wannan iska abokiyar gaba ce." Ya yi dariya. Ya ce: "A'a. Ƙasar Maradi tana samun ruwa kimanin milimita 500 a shekara. Mafi yawansa irin wannan hadari ne yake kawo shi. In babu shi, babu hatsi. Ba korarsa za mu yi ba. Shirya masa za mu yi."

Yawon safe

Washegari bayan asuba na fita in ga gari. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Abin da na fara gani kwano ne. Wani ya naɗe a jikin poto kamar tsumma. Wani ya soke bangon laka ya tsaya. Ku tuna, bakin kwano yana da kaifi kamar adda. Idan iska ta ɗauke shi, duk wanda ya tarar a hanya ya shiga uku.

A wata unguwa na iske gidaje biyu jere da juna. Ɗaya rufinsa yana nan, ko ƙusa ba ta motsa ba. Ɗayan a buɗe yake, sama tana kallon gado. Matar gidan tana shanya katifa, yara suna ware littattafan makaranta da suka jiƙe. Buhun hatsinsu biyu ruwa ya shige su. Na yi musu jaje. Wani kafinta yana can yana auna bango. Da yake rufi ne ya kawo ni birni, sai na tsaya na tambaye shi abin da ya raba gidajen nan biyu.

Ya ce: "Malam, iska ba tura rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Idan ta bi ta kan kwano da gudu, tana tsotsarsa sama. Idan kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe, ta shiga ɗaki ta tura shi daga ƙasa. Ta nan ja, ta nan turi. Kullum daga kusurwa take farawa, ko daga bakin kwanon da ya leƙo waje. Da ta sami wurin sa yatsa, shi ke nan."

Ya nuna mini bangon gidan da ya rasa rufi. An ɗora katako a kan bango ne kawai, aka shafe shi da siminti. Kwanon bai rabu da katako ba. Katakon ne ya rabu da bango, suka tashi tare. Sannan ya kai ni gidan maƙwabci. A can an binne siririn ƙarfe a cikin bango tun ana gini, aka naɗe kowane katako da shi. An kuma ɗora rawani a kan bango, ya rufe bakin kwano ta gabas da gefe biyu. Ta yamma kawai aka bari don ruwa ya zuba.

Na ce: "A ƙauyenmu duwatsu muke ɗorawa a kan kwano." Ya girgiza kai. Ya ce: "Dutse yana maganin ƙaramar iska. Idan babba ta zo, dutsen a kan mai ɗaki yake faɗowa."

Abu na biyu da na gani itatuwa ne. Hanyoyin Maradi suna da dogon yaro da yawa, inuwarsa kuwa rahama ce. Amma wasu sun tsufa, gara ta cinye cikinsu. Wasu an sare saiwoyinsu lokacin da ake haƙa lambatu ko harsashin gini. Irin waɗannan ne suka faɗi. Ɗaya ya danne rumfar mai shayi. Ɗaya ya faɗa a kan waya, ya ja poto biyu suka sunkuya. Na ga kuma wani babban allon talla na ƙarfe ya kwanta a tsakiyar hanya, motoci suna zagaye shi.

Me ya sa wuta take ɗaukewa?

A wurin iccen da ya faɗi na iske ma'aikatan wuta da motarsu da tsani. Tun dare suke aiki. Da babbansu ya sauko shan ruwa, na gaishe shi da aiki, na tambaye shi. Ya lissafa mini hanya biyar da hadari yake kashe wuta.

1. Reshe ko icce ya faɗa a kan waya, ya tsinke ta.

2. Iska ta kaɗa wayoyi har biyu su haɗu. Da sun haɗu sai tartsatsi ya tashi.

3. Kwano ko wani ƙarfe ya tashi sama, ya faɗa a kan wayoyi, ya haɗa su.

4. Ruwa ya jiƙa ƙasa, gindin poto ya yi laushi, iska ta tura shi ya faɗi.

5. Aradu ta faɗa a kan layi, ta ƙone taransifo, wato babbar tukunyar ƙarfen nan da take raba wa unguwa wuta.

Ya ce akwai kuma aikin ƙura. A kan kowane poto akwai wasu kofuna na tangaran ko na gilashi. Su ne suke hana wuta bin jikin poto. Duk tsawon rani ƙura tana taruwa a kansu. Idan yayyafin farko ya jiƙa ƙurar ta zama caɓi, wuta tana iya bin caɓin ta tsallake.

Na ce: "To, me ya sa wuta ta ɗauke a unguwarmu, alhali ba abin da ya faɗi a can?" Ya ce a tashar wuta akwai maɓalli mai tsaro. Da zarar wani abu ya taɓa layi, yana yanke wutar da kansa, kafin ƙiftawar ido. Duk unguwannin da suke kan wannan layi sai su yi duhu tare. Ba mugunta ba ce. In ba a yanke ba, gobara za ta tashi, mutane za su mutu. Kafin a maido da wuta kuwa, sai an bi layin poto bayan poto, an gano inda ɓarnar take. Ana fara gyaran manyan layuka, da na asibiti, da na injunan ruwa. Ƙananan unguwanni su ne na ƙarshe.

Doguwar igiya

Akwai wani abin da ya kamata mu sani. Ba dole ne iska ta shigo gari ba kafin gari ya yi duhu. Wuta tana yin tafiya mai nisa kafin ta iso.

An kafa kamfanin wutar lantarki na ƙasa, NIGELEC, a shekarar 1968. A shekarar 1976 aka ja babban layi daga Birnin Kabi, a Nijeriya, zuwa Yamai, don kawo wutar madatsar ruwa ta Kainji. A shekarar 1994 aka ja wani daga Katsina zuwa Gazawa. A Gazawa ya rabu biyu: reshe ɗaya ya nufi Maradi, ɗaya ya nufi Damagaram. Su ne dogayen turakun ƙarfen nan da kuke gani suna ratsa gonaki da daji. Wutar cikin gida tana da ƙarfin volt 220. Ta waɗannan layuka tana da volt 132,000. Wato ta ninka ta gida sau 600.

Layi irin wannan kamar igiyar guga yake. Ko a ina ta tsinke, guga ya faɗa rijiya. A shekarar 2013, a farkon damana, iskar hadari ta kayar da wasu turaku a kan layin Birnin Kabi zuwa Yamai. A daji abin ya faru, nesa da birni. Amma Yamai da Doso da Tilaberi sun yi makonni suna fama da rashin wuta, cikin zafi.

Daga baya an ƙara tashoshin wuta a cikin ƙasa. A shekarar 2017 aka buɗe tashar Goru Banda, kusa da Yamai. A shekarar 2018 aka buɗe tashar hasken rana ta Malbaza, a jihar Tawa. A shekarar 2023 aka ƙara wata ta hasken rana a Goru Banda. Wannan ci gaba ne. Amma ko daga ina wuta ta fito, dole ta bi waya kafin ta shiga gida. Waya kuwa a hannun iska take.

Saniya a bakin gari

Makiyaya, wannan sashe naku ne.

Da hantsi na bi hanyar Tibiri, na fita bakin gari. Na iske mutane sun taru, sun tsaya nesa-nesa. Wata farar saniya tana kwance a mace a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kusa da ita waya ce da iska ta tsinke. Wani saurayi makiyayi yana tsaye da sandarsa, hawaye yana zuba. Ya koro shanu da sassafe ne zai kai su kiwo.

Ya ce mini: "Baba, wallahi ko taɓa wayar ba ta yi ba. Tana zuwa kusa sai ta yi ƙara ta faɗi. Na sheƙa zan kama ta, wani mutum ya riƙe ni."

Wannan mutumin ya ceci ransa. Da ma'aikatan wuta suka zo suka yanke layin, sun yi wa jama'a bayani. Waya ko ta faɗi ƙasa, ta yiwu da sauran wuta a jikinta. Ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, ba a gane ta da ido. Wutar tana shiga ƙasa ta bazu kewaye da wayar, musamman idan ƙasa a jiƙe take. Kusa da wayar tana da ƙarfi, nesa tana raguwa. Idan ƙafa ɗaya tana kusa, ɗaya tana nesa, wuta tana shiga ta wannan ƙafa ta fita ta waccan. Saniya da raƙumi da jaki suna da tazara mai yawa tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Shi ya sa wutar ƙasa ta fi saurin kashe su.

Wani ya ce: "Ai tsuntsu yana zama a kan waya, ba abin da yake samunsa." Aka amsa masa: tsuntsu waya ɗaya yake taka, ba ya taɓa ƙasa, wuta ba ta da hanyar fita. Kai kuwa ƙafarka tana ƙasa.

Saniyar nan tana da ciki. Yaron ya ce ta mahaifiyarsa ce. Har yanzu ina tuna fuskarsa.

Birni ba wuta

Unguwar ƙanena ta yi kwana biyu babu wuta. A nan na ga yadda waya ɗaya take riƙe da abincin mutane da yawa.

Ƙanena yana da ɗinkin biki da ya yi alkawari. Ya je ya aro tsohon keke na ƙafa. Mai walda ya zauna a ƙofar shagonsa yana korar ƙuda. Mai sayar da kifi ya karya kuɗinsa tun da rana, don firigo ya huce. Matar da take sayar da nono mai sanyi ta zubar da rabin kayanta. Pampo ya yi tari ya ƙafe. Ƴan ga-ruwa suka ƙara wa bido kuɗi, duk da haka ana rububinsu. Masu salula suna yawo suna neman inda za su sa caji. Matar ƙanena tana da ƙaramin yaro da za a yi wa allurar rigakafi. Ta ce irin wannan magani a cikin sanyi ake ajiye shi, haka ma na dabbobi. Shi ya sa gidajen likita suke bukatar gurup ko firigo mai aiki da hasken rana.

Da yamma na ji wani sauti da na sani. Daka ce. Injin niƙa ya tsaya, mata sun fito da turmi da taɓarya. Ƴan matan birni suna koyo, tsofaffi suna yi musu dariya. Na ce a raina: yau Maradi ta zama ƙauyenmu.

A dare na uku wuta ta dawo. Yara suka ɗauki ihu gaba ɗaya, daga wannan lungu zuwa wancan.

Hanyar gida

Ran Alhamis na sayi kwanona. Amma na rage yawansa, na sayi siririn ƙarfe da ƙusa mai hula da sauran kuɗin. Na yanke shawara zan fasa saman bangon ɗakina, in binne ƙarfe, in ɗora rawani. Gara in rufe ɗaki ɗaya da kyau da in rufe biyu iska ta kwashe.

A kan hanya ina kallon gonaki ta tagar mota. Iskar da ta yi ɓarna a birni ta bi ta nan ma. A gonakin da aka share ƙal, rairayi ya binne shuka, ya ƙone ganyenta. Sai an sake shuka. A gonakin da aka bar kara a kwance, aka bar gawo da sabara da kalgo suna tsaye, shuka tana nan kore shar. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun shekarar 1965 aka fara dasa itatuwa kewaye da Yamai don su tare iska da ƙura. Tun shekarar 1975 mutanen kwarin Majiya, a ƙasar Buza, suka fara dasa dogon yaro sahu-sahu a gonakinsu, don su karya ƙarfin iska.

Na lura da wani abu kuma. Poto ya fara shiga ƙauyuka. Rufin kwano yana ƙaruwa. A kan ɗakuna da yawa akwai pano na hasken rana. Wato abin da na gani a Maradi yana kan hanyarsa ta zuwa gare mu. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da za mu riƙe

1. Mai rufin kwano ya ɗaure katako da bango da ƙarfe. Kada ya bar bakin kwano ya leƙo ta gabas. Mai pano ya ɗaure shi da kyau.

2. Kafin damana a duba itatuwan da suke kusa da ɗaki. A sare busasshen reshe. Amma reshen da yake kusa da waya, kada kowa ya hau. A kira ma'aikatan wuta.

3. A riƙa sauraren labarin yanayi a rediyo. Idan jan bango ya taso, a shigar da yara, a rufe ƙofa da taga, a kashe murhu, a cire kayan wuta daga bango.

4. Kada a fake a gindin icce, ko gindin poto, ko jikin tsohon bango, ko rumfar kwano da ba ta da ƙarfi.

5. Wanda ya ga waya a ƙasa ya tsaya nesa da ita, aƙalla mita 10, wato kamar taku 15. Ya kore dabbobi da yara. Ya sa wani ya tsare wurin, ya sanar da ma'aikatan wuta ko ƴan kwana-kwana. Lambarsu a salula ita ce 18.

6. Wanda ya ga kansa dab da wayar, kada ya yi gudu da dogon taku. Ya haɗa ƙafafunsa, ya ja su a hankali har ya yi nisa.

7. Idan wuta ta kama mutum ko dabba, kada a kama shi da hannu, kada a taɓa shi da jiƙaƙƙiyar sanda. Sai an yanke wutar tukuna.

8. Washegarin hadari, makiyayi ya riƙa tafiya a gaban garke idan zai ratsa ƙarƙashin layin wuta. Ya duba sama, ya duba ƙasa.

Ƴan uwa, da yawa daga cikinmu muna da ƴaƴa da ƙanne a birni, masu ci-rani da ƴan makaranta da masu talla. Ku faɗa musu wannan magana. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kawo mana ruwa ba tare da ɓarna ba. Amin.